Darasin Tarihi: Jaridar Da Ta Yi Suna Shida

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Afirka ta Kudu. Za mu karanta labarin wata jarida ta talakawa wadda ta yi shekara 26 tana fitowa mako-mako, daga 1937 zuwa 1963. Sau uku gwamnati tana haramta ta. Duk sa'ad da aka haramta ta, sai ta sake suna ta dawo. Sunanta na fari Guardian, wato Mai Tsaro. Kada a haɗa ta da Guardian ta Legas ko ta Ingila, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Darasin yana da ɗan tsawo. A karanta shi kashi-kashi. Wanda ya fi gwanancewa ya taimaki na kusa da shi.

Me ake nufi da 'yan hagu?

A shekarar 1789 an yi juyin juya hali a ƙasar Faransa. A zauren majalisarsu, masu son sarki ya ci gaba da riƙe ikonsa suna zama a hannun dama. Masu son a sauya al'amura suna zama a hannun hagu. Daga nan sunan ya samo asali. Har yau, a siyasar duniya, idan an ce 'yan hagu ana nufin masu cewa a rage ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, a kare haƙƙin lebura da ƙaramin manomi. A cikinsu akwai masu sassauci, akwai kuma 'yan gurguzu, waɗanda ke cewa gonaki da masana'antu su zama mallakar jama'a baki ɗaya.

Guardian jaridar 'yan hagu ce. Yawancin editocinta 'yan jam'iyyar gurguzu ne. Sai mu riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Yadda ƙasar take a lokacin

A wancan zamani, cikin kowane mutum biyar na Afirka ta Kudu, kamar ɗaya ne Bature. Amma mulki da dukiya duk suna hannun Turawa. A 1913 suka yi dokar ƙasa wadda ta bar wa baƙar fata kashi 7 kacal cikin 100 na ƙasar. A 1936 aka ƙara zuwa kamar kashi 13. Sauran duk aka ce na Turawa ne. Manomi ya wayi gari ba shi da gona a ƙasar kakanninsa. Dole ya tafi ƙwadago a gonar Bature, ko ya shiga ramin haƙar zinariya.

Akwai kuma dokar fas. Fas wata takarda ce da baƙin mutum zai riƙa yawo da ita. Ita ke nuna inda aka yarda ya zauna da inda aka yarda ya yi aiki. In ɗan sanda ya tsare ka babu ita a aljihunka, sai caji ofis.

Manyan jaridun ƙasar na masu kuɗi ne, wasu ma suna da alaƙa da kamfanonin zinariya. Ba kasafai suke kula da kukan lebura ba.

Haihuwar jaridar

A watan Fabrairu na 1937, wasu shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da malamai da 'yan gurguzu suka haɗu a birnin Cape Town suka kafa jaridar. Wata mace mai suna Betty Radford ita ta riƙe ta a matsayin edita har zuwa 1948. Daga nan Brian Bunting ya karɓa.

Jaridar ba ta da wani attajiri a bayanta. Manyan kamfanoni ba sa ba ta talla, alhali da kuɗin talla jaridu ke rayuwa. To, da me ta rayu? Da kwabban masu saye, da gudummawar masu karatu. Akan shirya cin kasuwa da bukukuwa don tara mata kuɗi. Masu sayar da ita suna bin tashoshin jirgin ƙasa da ƙofofin masana'antu da unguwannin baƙar fata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta kai ana buga kimanin kofe 50,000 a mako. Masu karanta ta sun fi haka yawa, domin kofe ɗaya yakan zaga hannu da yawa. Da Turanci ake buga mafi yawanta, saboda haka wanda ya iya yakan karanta, ya fassara wa 'yan'uwansa.

Cikin masu yi mata rubutu akwai Moses Kotane. Ɗan ƙauye ne, da kiwo ya tashi. Sai da ya shekara 15 sannan ya fara shiga aji. Da ya je Johannesburg neman aiki, sai ya shiga makarantar dare ta manya. Wannan mutum shi ya zama babban sakataren jam'iyyar gurguzu ta ƙasar a 1939, kuma ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar ANC, wato babbar ƙungiyar baƙar fata mai neman 'yanci.

Labarin gonakin dankali

Aikin da aka fi tunawa da jaridar a kansa shi ne na Bethal. Bethal wani yanki ne a gabas da Johannesburg inda Turawa ke da manyan gonakin dankalin Turawa da masara. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa ana azabtar da leburori a can. Amma ji ake yi, ba a gani ba.

A yankin akwai wani mutum mai suna Gert Sibande. Shi ma ɗan leburan gona ne, ya kuma daɗe yana haɗa kan leburori. Jama'a suna yi masa kirari da Zakin Gabas. A 1947 shi ya yi wa baƙi biyu jagora zuwa cikin gonakin. Ɗaya wani limamin coci ne, Michael Scott. Ɗayar kuwa wakiliyar Guardian ce, Ruth First, Baturiya mai shekara 22.

Abin da suka gani ya fi abin da aka ji. Leburori suna aiki tun asuba har faɗuwar rana, masu gadi na biye da su da bulala. Da dare a kulle su a ɗaki kamar fursunoni. Wasu ba su da tufa sai buhun da aka huda wa wuya da hannuwa. Da yawansu baƙi ne daga ƙasashen maƙwabta, irin su Malawi ta yau, waɗanda aka yaudara da alkawarin aiki mai kyau. Ruth First ta rubuta abin da idonta ya gani, jarida ta buga. Gani ya kori ji.

An yi ta surutu a ƙasa, amma abin bai daina ba. Daga baya ma sai ya ƙara muni. Hukuma ta fito da wani tsari: in an kama mutum kan laifin fas, sai a ce masa ya zaɓa, ko kurkuku ko aikin gona na wasu watanni. Da yawa ba su san laifin nasu na 'yar tara ba ne. Sai a loda su a mota a kai su gona, iyalinsu ba su san inda suke ba.

Jaridar ba ta saki maganar ba. A 1959 Ruth First da wani matashin wakili mai ɗaukar hoto, Joe Gqabi, suka sake bin sawu. Suka samo waɗanda suka tsere, suka ji daga bakinsu. Suka buga labarin mutanen da ake sa su tonon dankali da yatsunsu, da waɗanda suka mutu saboda duka aka binne su a gonar. Wani lauya mai suna Joel Carlson ya riƙa kai ƙara kotu, yana neman a fito da mutanen da aka tsare a gonaki.

A wannan shekara ANC ta yi kira ga jama'a su daina cin dankalin Turawa. Dankali kuwa abincin yau da kullum ne ga ma'aikatan birni. Duk da haka mutane suka ƙaurace masa har wajen wata uku. Buhuna suka taru a kasuwa suna ruɓewa. Gwamnati ta dakatar da wancan tsari na tura masu laifin fas gona. Wahalar leburan gona ba ta ƙare a nan ba, amma manyan manoma sun gane cewa yanzu akwai ido a kansu.

Mu lura da yadda abin ya tafi. Lebura ya san gaskiya amma ba shi da hanyar faɗa wa duniya. Ɗan jarida yana da alƙalami amma bai san hanyar gona ba. Sai da Sibande ya nuna hanya, wakiliya ta rubuta, mai sayarwa ya kai, mai karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, sannan aka ga sakamako. Daga 1947 zuwa 1959 shekara 12 ke nan. Aikin ya ci haƙuri.

An hana ta, ta sake suna

Yanzu mu ɗan koma baya, mu ga irin matsin da jaridar ke ciki a waɗannan shekaru. A 1948 wata jam'iyyar Turawa masu tsananin ra'ayi ta ci zaɓe. Ita ta kafa mulkin wariyar launin fata sosai da sosai. A 1950 ta yi dokar murƙushe gurguzu. Dokar ta ba gwamnati ikon rufe jarida ba tare da an je kotu ba.

A watan Mayu na 1952 aka haramta Guardian. Ba a daɗe ba sai ga wata jarida a titi mai suna Clarion, wato Kakaki. Ma'aikatan su ne dai na da, masu sayarwa su ne, masu karatu ma su ne. Cikin shekarar nan ta sake zama People's World, wato Duniyar Jama'a, sannan Advance, wato Ci Gaba. A watan Oktoba na 1954 aka haramta Advance. Nan da nan sai ga New Age, wato Sabon Zamani. Da wannan suna ta yi shekara takwas. Da shi ne ma ta buga labaran Bethal na 1959.

Dabarar ita ce, doka suna take haramtawa. Su kuwa masu jaridar sun san suna riga ce. In an ƙwace wannan, sai a sa wata.

A zamanin New Age jaridar ta zama kamar bakin ANC, ko da yake ba mallakarta ba ce. Ta ba da labarin babban taron Kliptown na Yunin 1955, inda aka amince da Takardar 'Yanci. Ta ba da labarin mata kimanin 20,000 da suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamnati a Pretoria ran 9 ga Agusta, 1956, don ƙin dokar fas.

A watan Disamba na 1956 gwamnati ta kama mutum 156 ta tuhume su da cin amanar ƙasa. Akwai Nelson Mandela a ciki, da Moses Kotane, da Gert Sibande, da Ruth First, da wasu ma'aikatan jaridar. Har kamfanin da ke buga ta aka sa cikin waɗanda ake tuhuma. Aka yi fiye da shekara huɗu ana shari'a. A watan Maris na 1961 kotu ta sallami ragowar waɗanda ake tuhuma. Ba a sami ko mutum ɗaya da laifi ba. A lokacin shari'ar wasu ma'aikatan sukan je kotu da rana, su yi aikin jarida da dare.

Muryar mutanen karkara

Wakilin jaridar a birnin Port Elizabeth shi ne Govan Mbeki. Tsohon malamin makaranta ne, haifaffen karkarar Transkei. Ya yi imani cewa ba za a sami 'yanci ba in an bar manoma a baya.

A 1960 manoman yankin Pondoland suka yi bore. Sun ƙi sarakunan da gwamnati ta ɗora musu. Sun ƙi tsarin da ke tilasta musu rage dabbobinsu da tashi daga matsugunansu. A kan duwatsu suke yin taronsu. Ran 6 ga Yuni 'yan sanda suka buɗe wuta a kan wani taro a dutsen Ngquza, suka kashe mutum 11. Gwamnati ta so a rufe maganar, amma New Age ta yi ta kawo labarin yankin. Daga baya Mbeki ya rubuta littafi guda a kan boren manoman, aka buga shi a Ingila a 1964.

A wannan shekara ta 1960 ne kuma, ran 21 ga Maris, 'yan sanda suka harbe mutum 69 a garin Sharpeville. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka haramta ANC, aka tsare ma'aikatan jaridar da dama. Ta yi wata biyar ba ta fito ba. Da aka ɗage dokar sai ta dawo.

Inda jaridar ta yi tuntuɓe

Ba a faɗin tarihi rabi. Mun ce yawancin editocin 'yan gurguzu ne. A lokacin Tarayyar Sobiyet, wadda muka fi sani da Rasha, ita ce uwar 'yan gurguzu na duniya. Saboda haka jaridar takan yabi Rasha da shugabanta Stalin, alhali mulkinsa ya hallaka miliyoyin mutane, ciki har da manoman da aka raba da gonakinsu da ƙarfi. A 1956 mutanen ƙasar Hangari suka tashi neman 'yanci. Rasha ta aika da tankokin yaƙi ta murƙushe su, dubbai suka mutu. New Age ta goyi bayan Rasha.

Ga abin lura a nan. A Bethal, wakilan jaridar sun je da ƙafarsu, sun gani da idonsu, sun faɗi gaskiya. A kan Rasha kuwa, abin da abokai suka faɗa musu suka maimaita. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jarida ɗaya tana iya yin gaskiya a shafi na ɗaya, ta kauce a shafi na huɗu.

Yadda aka kashe ta

A watan Nuwamba na 1962 aka haramta New Age. Ta sake fitowa da suna na shida, Spark, wato Tartsatsi. A nan ne gwamnati ta gane cewa hana suna aikin banza ne. Sai ta juya kan mutanen. Aka ba editoci da wakilai takardar hani ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ba, ba shi da ikon shirya wani abu don bugawa. Wasu aka yi musu ɗaurin talala a gidajensu. Da aka rasa mai rubutawa, sai Spark ta tsaya a watan Maris na 1963.

Mutanenta sun sha wuya. An kama Govan Mbeki a 1963, aka yanke masa ɗaurin rai da rai tare da Mandela a 1964. Sai a 1987 ya fito. Joe Gqabi ya yi shekaru a kurkukun tsibirin Robben, daga baya aka harbe shi a Zimbabuwe a 1981. An tsare Ruth First kwana 117 ita kaɗai a ɗaki, sannan ta bar ƙasar. A watan Agusta na 1982 aka aiko mata da wasiƙa mai bam a ofishinta a Maputo, babban birnin Mozambik. Tana buɗewa ta tashi da ita. Bayan faɗuwar mulkin wariya, tsoffin jami'an 'yan sanda sun amsa cewa su suka aika.

Amma abin da jaridar ta tsaya a kai bai mutu ba. An saki Mandela a 1990. A 1994 aka yi zaɓen farko da kowa ya jefa ƙuri'a, baƙi da fari, ya zama shugaban ƙasa. Brian Bunting, wanda ya yi gudun hijira zuwa Landan a 1963, ya dawo gida ya zama ɗan majalisa. Ɗan Govan Mbeki, wato Thabo Mbeki, wanda ya taɓa zama a Legas a matsayin wakilin ANC, shi ya gaji Mandela a 1999.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, ƙarfin jarida yana ga mutanenta: mai kawo labari, mai rubutawa, mai sayarwa da mai karantawa. Muddin suna nan, hana suna bai hana komai ba.

Na biyu, labarin ƙauye ba ya kai kansa birni. Sai an sami irin su Sibande, waɗanda suka san abin da ke faruwa kuma suka yarda su faɗa.

Na uku, kowace jarida tana da ɓangaren da ta jingina. Idan ka ɗauki jarida, ko ka kunna rediyo, ko aka turo maka labari a waya, ka tambayi kanka abu uku. Wa ke magana? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Wa zai amfana in na yarda?

Ma'anar wasu kalmomi

Edita: shugaban masu rubutu a jarida, shi ke zaɓen abin da za a buga.
Wakili: wanda jarida ke aikawa ya nemo labari.
Haramta: hana yin abu da ƙarfin doka.
Wariyar launin fata: raba mutane da fifita wasu saboda launin jikinsu.
Ƙaurace wa kaya: jama'a su haɗa baki su ƙi sayen wani abu don nuna rashin yarda.
Dokar ta-ɓaci: dokar da ke ba gwamnati ikon kama mutane ba tare da shari'a ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa jaridar Guardian, kuma a wane birni?
2. Rubuta sunaye shida na jaridar da ma'anarsu da Hausa.
3. Daga ina jaridar take samun kuɗin tafiyar da aikinta?
4. Wane ne Gert Sibande, kuma wace rawa ya taka?
5. Me ya sa jama'a suka daina cin dankalin Turawa a 1959?
6. A ina jaridar ta yi kuskure, kuma me ya jawo?
7. Daga 1937 zuwa 1963 shekara nawa ke nan?

Aikin aji

Ku kasu gida uku ko huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi abu ɗaya da ya faru a ƙauyenku a wannan wata, kamar farashin taki, ko lalacewar rijiya, ko gyaran hanya. Ku je ku gani da idonku. Ku tambayi aƙalla mutum biyu. Sannan ku rubuta labarin cikin layi goma: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya shafa. Kada ku rubuta abin da ba ku tabbatar ba. Ku karanta wa juna a aji.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. A huta lafiya.